Koramar bayan unguwa: yadda ake gane tana da rai ko ta mutu

Wani malamin makaranta a Gusau, wanda kuma shi ne shugaban ƙungiyar unguwarsu, ya aiko mini da tambaya. Ya ce akwai wata korama a bayan unguwar da suka taso suna wanka a cikinta da damina, suna kamun 'yan kifaye. Yanzu gidaje sun yi mata zobe, ta zurfafa, tana cin gaɓa kowace shekara, kuma ko da rani ba ta rasa wani baƙin ruwa mai wari. Sun yi karo-karo za su ɗebi ruwan a kwalba su kai ɗakin gwaji. Yana son sanin ko hakan ya wadatar a gane lafiyar koramar, in kuma bai wadatar ba, me ake dubawa.

Malam, Allah ya yi wa wannan ƙungiya taku albarka, amma ku riƙe kuɗin nan tukuna. Kwalba ɗaya labarin minti ɗaya ce a wuri ɗaya. In ka ɗebi ruwan da azahar za a ba ka sakamako, in ka koma da asuba a ba ka wani daban, in ka jira ruwan farko na damina ka ga na uku da bai yi kama da su ba. Duk gaskiya ne, kuma babu wanda zai gaya maka ciwon koramar. Gwajin yana da ranarsa, zan zo kansa, sai dai shi ne na ƙarshe a jerin aikin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne ruwan da ka ce yana gudu da rani. Koramun ƙasar Gusau bisa al'adarsu na damina ne. Ruwan sama yakan kankama wajen watan Yuni, ya kai ƙarfinsa a Agusta, ya ɗauke wajen Oktoba, daga nan korama ta riƙa ja da baya har ta koma yashi, sai dai a yi tono a samu ruwa a ƙarƙashi. Koramar da ta bushe a watan Maris ba ta mutu ba, barcinta take yi. Wadda kuwa ke gudu a Maris alhali an yi wata biyar ba a ga hadari ba, sai a tambaye ta inda ta samo ruwan. Amsar a cikin gari kusan kullum ɗaya ce: ruwan wanka, wanki, wanke-wanke, tsiyayar masai, da abin da ke fitowa daga mayanka da wurin wankin mota. Don haka tun kafin a auna komai ka riga ka ba ni alama ta farko, kuma ba mai daɗi ba ce.

Mu a aikinmu ba ma kallon korama ita kaɗai. Muna kallon duk ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikinta, daga kan tudu har gaɓa. Ni nakan kira wannan yanki ƙwaryar korama, don duk ɗigon da ya faɗi a cikin ƙwarya gindinta yake nufa. Rufin gidanka yana cikin ƙwaryar, haka garejin bakanike, haka jujin bakin kasuwa, ko da nisansu da ruwan ya kai kilomita biyu. Lafiyar korama hoton lafiyar ƙwaryarta ce. Saboda haka aikin farko na ƙafa ne: ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ku bi lambatu da kwalbatoci ku ga ina ruwa ya nufa, har ku gano tudun da daga bayansa ruwa ke juyawa wata nahiya. Nan ne bakin ƙwaryarku.

Da kun san iyakarta, sai tambaya mafi nauyi a duk wannan fanni: kashi nawa na ƙasar aka toshe wa baki? Ina nufin kwanon rufi, kwalta, daɓen siminti, da tsakar gidan da aka shimfiɗe da bulo. Ga lissafin da nake so ka yi wa 'yan ƙungiyarku a allo. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya ɗan haura murabba'in mita 460. A ce an rufe 300 daga ciki da kwano da siminti, sai aka yi ruwan milimita 30, wanda ba wani abin mamaki ba ne a Agusta. Gidan nan shi kaɗai zai tura lita 9,000 waje, wato duro 45. Gida dubu, lita miliyan 9, kuma duk a cikin abin da bai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba. Lokacin da wurin yake gonar dawa da gyaɗa, akasarin wannan ruwa ƙasa ce ke shanye shi, ta riƙa sakin sa a hankali ta ƙarƙashi, shi ya sa koramar yarintarka ke kai wa kaka tana gudu da ruwa garai-garai. Yau ruwan yana zuwa gaba ɗaya kamar an ɓalle madatsa, ya wuce gaba ɗaya, rijiyoyinku kuma su kwana da ƙishi. Ambaliya da ƙafewar rijiya uwa ɗaya ta haife su.

Masana a Amurka sun lura tun shekarun 1990 cewa da zarar ƙasar da aka toshe ta kai wajen kashi 10 cikin 100 na ƙwaryar rafi, rafin yakan fara nuna alamun ciwo, in ta haura kashi 25 kuwa lalacewar takan yi tsanani. Ina kawo waɗannan alƙaluma ne a matsayin ishara kawai, don an samo su ne a rafukan da ke gudu shekara zagaye a ƙasashe masu sanyi. Mu nan muna da wani abu da su ba su cika lissafa shi ba: titin ƙasa da ƙafa da taya suka daddale, da filin ƙwallo, da fegin da aka share aka bari. A hoto ƙasa ce, amma wajen shan ruwa ba ta fi siminti da yawa ba. Kimanta wannan ba ya bukatar kuɗi. Manhajar Google Earth ta kwamfuta tana nuna tsofaffin hotunan sama, kuna iya kwatanta unguwarku ta yau da ta shekarun baya. Gusau ta zama babban birnin jiha ne a 1996, kuma duk wanda ya san garin kafin nan ya san inda gonaki suke a da. Ku kula musamman da kududdufan da aka cike da shara aka yanka fuloti a kansu. Mutane na raina kududdufi, alhali shi ne randar unguwa: yana tare ruwa lokacin da ya yi yawa, ya ba ƙasa ta sha.

Aiki na biyu, ku shiga cikin koramar da ƙafa da rani, ku karanta jikinta. Gaɓar da take a kwance, ciyawa ta rufe ta, saiwoyi sun riƙe ta, lafiya ce. Gaɓar da ta miƙe tsaye kamar bango, ƙasa ja a fili, saiwar itace na reto a iska, wannan korama tana haƙa kanta ne don ta ɗauki ruwan da ya fi ƙarfinta. Ku duba gindin kwalbati da ƙafar gada: in ginshiƙin da aka binne yanzu yana waje, tsawon abin da ya fito shi ne zurfin da ta ƙara tun ranar da aka yi ginin. Sannan ku kafa turaku. Ku sami ƙarfen rodi, ku kafa a wurare biyar ko shida, kowanne taku goma daga bakin gaɓa, ku auna da tef ku rubuta, ku sake aunawa bayan damina. Wannan littafin naku zai fi kowace takardar ɗakin gwaji amfani ranar da za ku je gaban hukuma, don kwazazzabo ba ya musu da tef. Ku rubuta kuma inda tifofi ke ɗibar yashi da inda masu buga bulo suka kafa sansani. Ramin da aka haƙa a tsakiyar korama ba ya zama wuri ɗaya, zaizaya takan riƙa hawa sama daga gare shi, tana cin gindin duk abin da ta tarar.

Sai itatuwa da ciyayin gaɓa. Tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin a da, za ka ji giyayya, kanya, ɓaure, ɗinya, jema, gamba. Waɗannan su ne abin tace ruwa da katangar korama: suna rage gudun ruwa, suna tare laka, suna ba ruwa inuwa. Ku ƙiyasta faɗin abin da ya rage a kowane ɓangare. In katangar gida ce ta zama gaɓa, sifili ke nan.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so, wanda kuma ɗalibanka za su fi jin daɗinsa. Halittun da ke cikin ruwa ba sa iya yin ƙarya, don su a ciki suke kwana. Kwalba tana faɗar halin minti ɗaya, su kuwa suna faɗar halin makonni. Wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, lokacin da ruwa ya daidaita, ku ɗauki rariya ko tsohon gidan sauro da farin faranti. Ku ɗaga duwatsu, ku motsa ciyawar bakin ruwa, ku tace, ku juye a faranti. Abin da ake nema shi ne yawan iri, ba yawan kai ba. In ka ga halittu kala-kala, wasu masu siraran jela biyu ko uku suna manne a ƙarƙashin dutse, wasu sun gina wa kansu ɗan kwanso da tsakuwa ko tsinke, ga ƙaguwa, ga ƙananan jatan lande, to ruwan yana da iska, yana da rai. In kuwa farantin ya cika da abu iri ɗaya ko biyu, jajayen tsutsotsi kamar zaren jini a cikin baƙar laka, tsutsar sauro, matsattsaku, da wata farar tsutsa mai doguwar jela kamar ta ɓera wadda take miƙo ta sama don shaƙar iska, to ruwan ya shaƙe. Waɗannan su ne masu jure abin da ya kori kowa. A Afirka ta Kudu an tsara wata hanya mai sauƙi ta irin wannan ƙidaya mai suna miniSASS, da hotunan halittun da makin kowanne, musamman don 'yan makaranta, kuma ana samun ta a intanet kyauta. Wanda zai shiga ya sa takalmin roba da safar hannu. In kun ga ƙananan katantanwa da yawa a ruwan da yara ke wanka, ku tambayi iyaye ko akwai masu fitsarin jini, don ta jikinsu tsargiya ke yaɗuwa.

Kifi ma shaida ne, amma a yi hattara da shi. Sau da yawa an ce mini, ai ruwan nan lafiya lau, jiya ma yara sun kama tarwaɗa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, tana iya zama a ruwan da sauran kifaye suka mutu. Gaiwa kuwa huhu gare ta, tana shiga laka ta yi rani cur. Samun waɗannan biyun bai wanke ruwa ba. Abin tambaya shi ne su ƙawara da tsage da sauran masu son ruwa mai gudu, har yanzu suna hawowa daga gulbi da damina ko sun daina? Masunta sun fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba. Kar ka raina tsohon da ya yi shekara arba'in yana jefa birgi, a kansa akwai tarihin ruwan da babu wata ma'aikata da ta rubuta shi. Haka ciyayin kan ruwa: ɗan bado nan da can ba laifi, amma in kainuwa ko gansakuka ta rufe fuskar ruwa ruf, alama ce taki ya yi masa yawa, ko na buhu daga lambuna ko na masai.

To, ga kwalbarku. Malaman fiƙihu sun koya mana duba ruwa ta launi da ɗanɗano da ƙamshi, kuma wannan ma'auni ne mai kyau a babin tsarki. A babin lafiyar jiki kuwa akwai abokan gaba da ba sa taɓa ko ɗaya daga cikin ukun. Ƙwayar kwalara ba ta canza launin ruwa. Dalma ba ta da wari. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Nan ne ɗakin gwaji yake da aikin da ido ba zai yi ba.

In kuɗinku kaɗan ne, ga yadda zan kashe su. Na farko a nemi ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa. Ma'aunin ruwan sha shi ne kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Amma kar ku ɓata kuɗi wajen tabbatar da cewa baƙin ruwan korama yana da ita, na riga na gaya muku yana da ita. Ku gwada rijiyoyin da ke kusa da gaɓa da wuraren da 'yan garuwa ke cika jarkokinsu, don nan ne ciwon korama ke shiga randar gida. A haɗa da sinadarin naitiret, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa iyaka miligiram 50 a lita, kuma yawansa ya fi yi wa jarirai illa. Rijiyar da ke ƙasa da mita 30 daga masai ita za a fara da ita. Samfurin ƙwayoyin cuta yana son kwalbar da ɗakin gwajin ya ba ku da kansa, a sa ta cikin ƙanƙara, a kai cikin sa'o'i shida. Gorar lemo da aka ɗauraye ta kwana a aljihun babur, sakamakonta shara ne.

Na biyu iskar oksijin da ke narke a ruwa, wadda ake aunawa a bakin ruwan da na'ura. Kifi yana son miligiram 5 a lita zuwa sama, ƙasa da 2 kuwa mutuwa ce ga yawancinsu. Ƙasarmu mai zafi tana da ƙarancin rara tun asali: ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe wajen miligiram 9, mai digiri 30 kuwa wajen 7.5 kawai. Ni kaina na taɓa faɗawa tarko a nan farkon fara aikina. Na auna wani tafki kore shar da rana tsaka, na ga iska ta cika har ta yi yawa, na rubuta lafiya. Ashe gansakuka ce ke zuba iska da rana, da dare kuma ita da ƙwayoyin ruɓa su shanye ta tas. Da na koma bayan sallar asuba, kifaye ne a sama suna buɗe baki. Tun ranar ban ƙara yarda da awon da ba na asuba ba.

Na uku ƙarafa masu guba, dalma da zaiba da danginsu. Waɗannan a laka suke kwanciya, don haka laka za a ɗiba, ba ruwan sama-sama ba. Iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita. Gwajin yana da tsada, ban ce ku yi shi ba sai in a cikin ƙwaryarku akwai masu fasa tsohon batir, ko masu niƙa ko wanke dutsen zinariya, ko jerin garejin da ke tuttular da baƙin mai a lambatu. In akwai, kuma ana ban ruwan latas da alayyafo da wannan ruwa a ƙasa, to a gabatar da shi a kan na biyu.

Duk abin da za ku auna, a yi shi aƙalla a wuri uku: inda korama ke shigowa unguwa, tsakiya, da inda take fita. Lamba ita kaɗai ba ta magana, bambancin sama da ƙasa shi ne laifin unguwarku, abin da ya zo daga sama kuma na maƙwabta ne. A littafi ana son a sami wata korama a daji wadda ba a taɓa ba don a yi kwatance da ita. Da halin tsaron da ake ciki ban yarda ka kwashi ɗalibai ka nufi daji saboda tsutsa ba, bakin gari ya ishe ku. Lokuta kuma uku ne: tsakiyar rani, ruwan farko, da ƙarshen damina. Ruwan farko shi ne mafi muni a shekara, don shi ke wanke dattin wata bakwai, leda da toka da kashin dabbobi da mai, ya zuba a korama a yini ɗaya. In za a ga matattun kifaye, ranar ake gani.

Wannan korama taku ba a bayan unguwa take ƙarewa ba. Ruwan Gusau gulbin Sakkwato yake shiga, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya bi ta Bunguɗu, ya taru a madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa kogin Neja. Ƙasar da ta zube daga gaɓarku tana kwanciya a bayan wata madatsa ta rage mata ciki. Wanda ya ga ɓallewar madatsar Gusau a ƙarshen Satumban 2006 ya san ruwan wannan gulbi ba abin wasa ba ne. Shi ya sa littafin awonku yake da masu bukatarsa: hukumar tsara birane ta jiha, wadda ita ke da ikon hana yanka fuloti a kan hanyar ruwa, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da shirin ACReSAL na Bankin Duniya da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja kan gyaran irin waɗannan ƙwarya-ƙwaryar. Don na'urar awo da mai taya ku tantance halittu, ku gwada sashen nazarin halittu na Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ɗaliban ajin ƙarshe kullum neman wurin bincike suke yi.

Abu ɗaya nake roƙo kada ku nema in kun je: a zuba wa koramar kankare daga sama har ƙasa. Shi ne abin da kowace unguwa ke fara roƙo, kuma na san dalili, mai gida a bakin kwazazzabo ba ya barci in hadari ya haɗu. A inda gida ke gab da ruftawa, a yi katanga, babu gardama. Amma kankare daga farko har ƙarshe yana ƙara wa ruwa gudu, ya kai wa unguwar ƙasa da ƙarfin da ya fi na da, ya hana ƙasa sha, kuma ba abin da zai sake rayuwa a ciki sai sauro. Rabin kuɗin karo-karon nan, in da ni ne, rodi da tef da littafi zan saya, da saiwar jema a dasa a gaɓar da ba ta riga ta tsaya tsaye ba, kafin ruwan Yuni ya sauka. Sauran a ajiye wa rijiyoyi uku mafi kusa da ruwan. Bayan damina ka aiko mini da awon turakun da hoton farantin, mu duba tare.